Pandora da Pyra: Abin da Zai Raya Buɗaɗɗiyar Na'urar Wasa ta Hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu yi magana a kan wata na'ura wadda yawancin masu karatu ba su taɓa gani ba, alhali 'ya'yansu suna cin moriyarta kullum.

Duk wanda ya ratsa ta Computer Village a Ikeja, ko ya shiga kasuwar Alaba a Ojo cikin 'yan shekarun nan, ya ga ƙananan na'urorin wasa na hannu jere a kan tebur, masu gilashi inci 3.5, an cika memorinsu da tsofaffin wasanni. Iyaye na saya wa yara da Sallah, masu gadi na rage dare da su. Da yawa daga cikinsu Linux ke tafiyar da su, kuma manhajar da ke kunna wasannin PlayStation na farko a cikinsu, wato PCSX ReARMed, domin wata ƙaramar na'urar wasa ta hannu mai suna Pandora aka gyara ta tun asali. Haka DraStic, mai kunna wasannin Nintendo DS, a kan Pandora ta fara fitowa a 2013 kafin ta koma wayoyin Android. Box86 ma, wadda ke sa manhajar kwamfutar tebur ta yi aiki a kan furosesar ARM, daga wannan gida ta fito. To ita Pandora ɗin da magajiyarta Pyra, ina suka dosa? A ganinmu, mu da muke sana'ar gyaran waya da ƙananan na'urori, an riga an bar su a baya a gasar sauri da ta araha, kuma ba za su kamo ba. Abin da ya rage musu shi ne a iya kwance su, a gyara, a canza musu furosesa idan tsohuwar ta gaji. In wannan ya tabbata a aikace, za su rayu. In ya tsaya a alkawari, sun zama kayan ajiya.

Asalin labarin daga Koriya ta Kudu yake. Kamfanin Game Park ya fitar da GP32 a 2001, sannan GP2X ta biyo a 2005 tana ɗauke da Linux. Waɗannan na'urori ba su hana kowa rubuta manhajarsa ya ɗora ba, saɓanin na Sony da Nintendo. Wasu daga cikin masu sayar da su a Turai, irin su Michael Mrozek a Jamus da Craig Rothwell a Ingila, suka ga gara su ƙera tasu yadda masu amfani ke so. A watan Satumba na 2008 aka fara karɓar kuɗin masu so, dala 330 kowace ɗaya. Na'urar farko ba ta isa hannun mai ita ba sai a watan Mayu na 2010, wasu kuma sun ƙara shekaru suna jira bayan haka.

Abin da aka samu a hannu, a ma'aunin wancan lokaci, ya burge. Cif ɗin OMAP3530 na Texas Instruments ne, mai furosesa Cortex-A8 da ke gudu a kan megahaz 600, da RAM megabait 256, gilashi inci 4.3 mai ɗigo 800 sau 480, ramin memori biyu manya, kibod cikakke, sandunan juyawa biyu na sarrafa wasa, da batir mai ƙarfin 4000 mAh da ke kai awa 10 ana aiki. Tana rufewa kamar ƙaramar laftof, ta shige aljihun kaftani. Daga baya aka yi mai RAM 512, aka kuma yi mai gudun gigahaz 1. Duka-duka abin da aka ƙera bai wuce kusan 7,500 ba, aka tsaya a 2014 saboda cif ɗin Wi-Fi da ake sa mata ya ƙare a kasuwa. Wannan dalili na ƙarshe ya kamata mai karatu ya riƙe shi. Masu so suna nan, masu ƙerawa suna nan, amma ɗan cif guda da bai kai farcen yatsa ba ya tsayar da komai, domin canza shi yana nufin sake zana fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan lantarkin na'urar, gaba ɗaya.

Jinkirin farko ma ba daga manhaja ya zo ba. Fanel ɗin da aka fara haɗawa a Teksas da yawa sun fito da matsala, har aka mayar da aikin Jamus a 2012. Kwanson roba yana tsagewa a wajen hinji. Sandunan juyawa na farko suna mutuwa. Sai kuma ciwon da duk mai Pandora ya sani: fileks ɗin gilashi, wato siririn kebul da ke kai hoto ga gilashi, wanda aka naɗe ya ratsa ta cikin hinji. Kowace buɗewa da rufewa tana lanƙwasa shi, har siraran layukan tagulla da ke ciki su fara karyewa. Alamarsa ita ce hoto ya rine ya koma shunayya, ko launi ya riƙa canzawa yayin da ake motsa murfi. Wanda bai sani ba sai ya ce gilashi ne ya mutu, ya nemi sabo a banza.

Ga wanda irin wannan ta faɗo masa a benci, hanyar gwaji mai sauƙi ce. A kunna, a riƙa buɗe murfin a hankali ana kallon launi. In ya gyaru a wani kusurwa ya ɓaci a wani, fileks ne. Kafin a taɓa sukuru a cire batir da memori duka biyu. Maƙallin da ke riƙe bakin fileks a kan fanel da farce ake ɗaga shi, ba da sukudireba ba, domin in ya karye sai an canza soket ɗin dungurungum, aikin da ke buƙatar iska mai zafi kusa da roba. A ɗauki hoton yadda tsohon ya naɗu a cikin hinji kafin a zare shi, a naɗa sabon ta wannan fuska. In aka naɗa shi a juye, zai yi aiki ranar farko, ya tsinke cikin 'yan makonni. Wajen mayar da sukurori a tsaya da zarar sun kama. Cikin roba suke shiga, robar kuma ta haura shekara goma, ƙarin juyi ɗaya ya isa ya cinye ramin.

Batir ɗin lithiyom ne mai ɗaki ɗaya, bolt 3.7, yana cika a 4.2. A gwada da mita: in ya daɗe a ƙasa da bolt 3, ko ya kumbura har murfin baya ya ƙi rufuwa, kada a yi masa caji, a raba shi da na'urar. Ana iya sa sabon ɗaki a cikin tsohon kwanso, muddin an bar ƙaramin fanel ɗin kariya da ke bakinsa, an kuma haɗa da zirin nikel ta hanyar waldar ɗigo. Ɗora dalma kai tsaye a jikin batir yana dafa shi daga ciki. Bayan canji a cika shi, a yi aiki da shi har ya kusa ƙarewa, a sake cikawa, domin cif ɗin da ke ƙidayar caji ya koyi girman sabon. Caja kuwa bolt 5 ce mai zagayayyen baki irin ta PSP, na'urar wasan hannu ta Sony, tsakiyarta ne fositif. A nan Legas muna ba da shawarar a caja fawa-bank tukuna, sannan a ciyar da na'urar daga gare shi. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi, kuma Pandora tana tashi da kanta da zarar an jona caja, don haka in aka bar ta a soket wuta na zuwa tana ɗaukewa, wahala kawai ake ba ta. Danshin damina da iskar teku ma suna cin tagulla. Koren tsatsa a bakin soket ana wanke shi da sifirit na gyaran waya da tsohon burushin haƙori, a bar shi ya bushe sarai, a ajiye na'urar cikin roba mai murfi tare da ƙullin nan na tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Akwai abubuwa biyu da ke sa a yi mata hukuncin mutuwa tana da rai. Babban ramin USB ɗinta na'urori masu saurin USB 2.0 kaɗai yake ganewa. Linzami ko kibod na yau da kullum ba za su yi aiki ba sai an sa hob, wato mai rarraba ramin USB, a tsakani. Na biyu, in ta ƙi tashi, a danne madannin kafaɗar dama yayin kunnawa. Jerin zaɓi zai fito, daga nan ana iya tayar da ita daga memori ko a sake zuba mata manhaja. Shirye-shiryenta fayil guda-guda ne masu ƙarshen PND. A buɗe jaka, wato folda, mai suna pandora a memori, a cikinta a yi menu da desktop da apps, a jefa fayil ɗin a wadda ake so, shi ke nan ya bayyana. Abin da mutum ya adana yana zama a jakar appdata a kan memorin, saboda haka in na'ura ta mutu, a zare memori a sa a wata, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan tsari har yau ba mu ga wanda ya fi shi sauƙi ba ga mutumin da data ke yi masa tsada.

Pyra an yi ta ne domin ta toshe waɗannan kafofi. Mrozek ya nuna ta a FOSDEM, taron masu buɗaɗɗiyar manhaja na Brussels, a 2014, aka fara karɓar kuɗi a 2016, na'urori suka fara isa ga masu su a ƙarshen 2020. Cif ɗinta OMAP5432 ne, mai Cortex-A15 guda biyu a kan gigahaz 1.5, RAM giga 2 ko 4, ma'aji na ciki giga 32, gilashi inci 5 mai ɗigo 1280 sau 720, batir 6000 mAh, kibod mai haske, akwai kuma mai ɗaukar layin waya na 4G. Debian, wani nau'in Linux, ke tafiyar da ita. Kuɗinta ya kama daga yuro 500 zuwa sama tun kafin haraji. Babban abin da aka canza shi ne an raba cikinta gida uku: fanel na gilashi, babban fanel mai soket-soket da madannai, da ɗan ƙaramin fanel mai ɗauke da furosesa da RAM da ma'aji, wanda ake cirewa a sa wani. Manufar ita ce kada abin da ya faru da cif ɗin Wi-Fi ya maimaita kansa.

Masu suka suna tambaya me ya sa aka zaɓi cif ɗin da ya tsufa tun kafin na'urar ta fito, tunda Texas Instruments ya sanar tun 2012 cewa ya janye daga kasuwar cif ɗin waya da tablet. Amsar tana da nauyi. Kamfanonin da ke yin cif ɗin manyan wayoyi ba sa sauraron mai son dubu biyu ko uku, kuma ba sa ba shi littafin bayanin cif ɗin. Texas Instruments yana sayarwa kaɗan-kaɗan, yana kuma wallafa littafi mai dubban shafuka da kowa zai iya saukewa. Ƙaramin mai ƙira abin da zai samu yake zaɓa. Gilashin ma na waya ne, a tsaye aka yi shi, sai an juya hoton kafin ya kwanta, kuma wannan juyi kaɗai ya ci lokaci mai yawa. Sai dai uzuri ba ya mayar da shekaru shida. Kafin Pyra ta iso, Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfuta mai fanel ɗaya, ya fito a 2019 da furosesa huɗu a kan dala 35. Bayan ta iso da shekara ɗaya da 'yan watanni, na'urar wasan hannu ta Steam Deck ta fito a Fabrairun 2022 a kan dala 399, ita ma da Linux, tana kunna manyan wasannin kwamfuta, ana kuma sayar da kayan gyaranta a fili.

Amma raunin da ya fi damunmu ba tsufan furosesa ba ne. Ɓangaren zane na na'urorin biyu, PowerVR SGX530 a Pandora da SGX544 a Pyra, na kamfanin Imagination Technologies ne na Birtaniya, kuma manhajar da ke tuƙa shi, wato direba, a rufe take. A dunƙule ake ba da ita, ba a ba da rubutunta na asali. Duk lokacin da zuciyar Linux, wato kernel, ta ci gaba, sai masu sa kai sun yi ta faci domin tsohuwar dunƙulalliyar ta yarda ta zauna da sabuwar zuciya, in kuma ta ƙi, babu mai ikon shiga cikinta ya gyara. Manhajar hukuma ta Pandora a kan zuciya ta 3.2 ta tsaya, wadda ta fito a 2012. Kamfanin Imagination ya saki buɗaɗɗen direba daga baya, ya shiga Linux 6.8 a 2024, amma na sababbin samfura ne, bai haɗa da SGX ba. Ga Pandora an wallafa zanen fanel ɗinta da na kwansonta tun 2014, amma ɗaki ɗaya a tsakiyar gidan mabuɗinsa yana hannun wani.

Sannan furosesocin biyu masu bit 32 ne, duniya kuma tana tattara kayanta daga nan. Debian 13 ta 2025 ta rage tallafi ga tsofaffin kwamfutocin Intel masu bit 32, ta kuma sanar cewa ita ce ta ƙarshe ga armel, reshenta na tsofaffin furosesocin ARM. Reshen armhf da Pyra ke kai yana nan, amma kowa ya ga inda iska ke kaɗawa. Akwai kuma ranar 19 ga Janairu 2038, lokacin da agogon tsofaffin shirye-shirye masu bit 32 zai cika ya juye. Debian ta gyara nata, sai dai tsofaffin fayilolin PND da babu mai sake gina su suna nan da agogonsu na da.

Saboda haka makomar Pyra tana rataye ne a kan wannan ɗan fanel na furosesa. Sabon da zai cancanci kuɗin mutane dole ya zama mai bit 64, ya zama cif ɗinsa yana cikin babbar zuciyar Linux ba sai da facin kamfani ba, kuma ɓangaren zanensa yana da buɗaɗɗen direba. Irin waɗannan suna nan: ɓangaren zane na Mali yana da direban Panfrost, Vivante da ke cikin i.MX8M na NXP yana da etnaviv, kuma NXP yana alkawarin ci gaba da sayar da irin waɗannan cif shekara 10 zuwa 15. An ma gwada hanyar an ga tana ɓullewa. Kamfanin MNT na Balin ya fara laftof ɗinsa Reform da i.MX8M, daga baya ya fitar da fanel mai RK3588 na Rockchip da ke shiga gurbi ɗaya.

Wahalar tana wajen wuta da zafi, kuma lissafin ba ya buƙatar digiri. Batir ɗin Pandora, 4000 mAh sau bolt 3.7, kusan wat-awa 15 ke nan. Tunda yana kai awa 10, na'urar gaba ɗaya wat ɗaya da rabi take sha. Na Pyra kusan wat-awa 22 ne. A sa mata cif mai shan wat 5 ko 6 idan an matsa masa, a ƙara na gilashi, awa 3 zuwa 4 za a samu. Duk wat ɗin nan kuma zafi yake komawa, cikin kwanson roba da ba shi da fanka. A ɗakin da ke da sanyi a Jamus wannan abin haƙuri ne. A cikin danfo a Oshodi da azahar, furosesa za ta rage gudu da kanta domin kada ta ƙone, batir kuma yana tsufa da wuri in yana kwana kusa da zafi. Ko a Pyra ta yanzu, mai kunna tsofaffin wasanni gara ya taƙaita gudun zuwa gigahaz 1, ba zai ga bambanci a wasa ba, zai gani a batir. Ban da wannan, sabon fanel sai ya dace da ƙafafun soket ɗin da ke kan babban fanel, ya yi magana da gilashin da ke akwai, ya kuma yarda da tsarin cajin da aka riga aka gina. Fanel mai hawa da yawa da cif mai ɗaruruwan ƙwallayen dalma a ƙarƙashinsa ba ya araha in ɗari biyar kawai za a buga. Wannan ne ya sa muke cewa masu Pyra su nemi cif mai sanyi da daɗewa, su bar mai ƙarfi ga Steam Deck.

To mu a nan fa? Gaskiya ba za mu ce wa ɗalibi a Agege ko ɗan kasuwa a Mile 12 ya tara kuɗi ya sayi Pyra domin wasa ba. Farashin hukuma na dala yana ƙasa da naira 500 kafin a saki naira a Yunin 2023, cikin ƙasa da shekara ya wuce 1,000. A ɗora kuɗin jirgi, da ƙa'idojin ɗaukar batirin lithiyom, da kwastan. In fileks ya tsinke, daga Jamus za a jira wani. Biyan kuɗin na'urar da ba a ƙera ba tukuna, da kuɗin da ke narkewa, ba shawara ba ce da za mu ba ɗan'uwa.

Sai dai ƙananan na'urorin da ke kan teburan Ikeja su ma suna da nasu ciwon, kuma ciwon rashin buɗewa ne. Ɗauki R36S da ire-irenta, masu cif RK3326 da RAM giga 1. Masu kwaikwayonta sun yi yawa, kwanso iri ɗaya, gilashi daban-daban a ciki, kuma ba mai wallafa wanne ya sa. Bayanin gilashin yana cikin wani ɗan fayil mai ƙarshen dtb a sashen farko na memori. Memorin da ke zuwa da su kuwa mafi arha ne, yakan mutu ba sallama. Idan ya mutu da wannan fayil a ciki, aka zuba sabuwar manhaja da dtb na wani gilashi, sai na'ura ta kunna, fitila ta kama, gilashi baƙi ƙirin. Don haka ranar da aka saya, kafin yaro ya fara wasa, a zare memorin a kwafe duk abin da ke cikinsa gaba ɗaya a kwamfuta da Win32 Disk Imager ko umarnin dd, a kuma ajiye fayilolin dtb daban. Sabon memori a gwada shi da H2testw ko f3, waɗanda ke cika shi da rubutu su sake karantawa. Na jabu yakan nuna giga 128 alhali 8 ko 16 ne, yana karɓar fayil yana taka na baya, ba a ganewa sai wasa ya ƙi buɗewa. A tuna kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4. Duk wannan wahala da ba a sha ta ba in da mai ƙira ya wallafa abin da lasisin Linux ya wajabta masa ya wallafa. Pandora da ba a yi ko dubu takwas ba, yau ana iya sauke zanenta. Waɗannan da ake shigowa da su kwantena-kwantena, mai gyara lalube yake yi.

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye a matsayin masu rubutu da Hausa. Na'urar da ke da kibod na gaske da Linux a buɗe, mai ita yana iya koya mata ƙ da ɗ da ɓ da ƴ cikin 'yan mintuna. Linux yana da tsarin kibod na Hausar Najeriya a shirye, amma a irin waɗannan ƙananan na'urori sauya tsarin gaba ɗaya yana iya rikita alamomin da aka ɗora a kan madannin Fn. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a buɗe fayil mai suna .XCompose a jakar gida, a rubuta layi ɗaya ga kowane harafi da lambarsa: U0199 ga ƙ, U0257 ga ɗ, U0253 ga ɓ, U01B4 ga ƴ, sannan manyansu. Salon haruffa (font) na DejaVu yana da su duka. Haka wasannin da aka saki rubutunsu na asali, irin OpenTTD, kalmominsu suna cikin fayilolin rubutu da ɗalibin sakandare zai iya fassarawa. Yaron da ya ga wasa yana yi masa magana da harshen gidansu domin shi da kansa ya sa, ya fara koyon sana'a ke nan. A kan wasannin da ake cika memori da su kuma, a faɗi gaskiya: yawancinsu mallakar kamfanoni ne, ba da izini aka kwafa ba. Na'ura buɗaɗɗiya ba ta dogara da su, akwai ɗaruruwan wasanni na halal da masu su suka bayar kyauta.

Kiranmu ga iyayen gidan da ke da yara masu koyo a shago, da malaman sashen lantarki a kwalejojin fasaha irin ta Yaba da na Kaduna da Kano, shi ne su sauke zanen Pandora su koyar da shi. Fanel ne cikakke na na'ura mai batir, da caji, da gilashi, da sauti, da rediyo, wanda aka ƙera aka sayar, kuma an san inda ya gaza. Yaron da ya bi layin wuta daga bakin caja zuwa cif ɗin rarraba wuta a kan wannan zane, da mita a hannunsa, gobe in waya ta zo ba ta caji zai san inda zai fara aunawa, ba zai tsaya ga canza kaya har a dace ba. Akwai masu injin buga roba (3D printer) a Legas, fayil ɗin kwanson kuma yana nan, sai dai lasisin da aka sake shi da shi na amfanin kai ne da koyo, ba na kasuwanci ba, a kiyaye wannan.

Ga masu shigo da kaya daga Sin kuma, 'yan'uwanmu da ke zuwa Shenzhen da Guangzhou, kuna da ƙarfin da ɗaiɗaikun masu saye ba su da shi. Kafin ku biya kuɗin katan ɗari, ku nemi a ba ku lambar samfurin gilashi a rubuce, da fayil ɗin dtb, da kwafin manhajar asali. Ku tambaya ko batir da soket yake ko liƙe shi aka yi da dalma. Ku sa a haɗo muku da fileks, da robar ƙarƙashin madannai, da sandunan juyawa, ko da biyar ne a kan kowace ɗari, domin su ne ke fara mutuwa, kuma nauyinsu bai kai ya ƙara kuɗin jirgi ba. In ma'aikata ta ƙi ba da lambar gilashi, ku duba ta gaba da ita.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu gyaran waya da ƙananan na'urori,
Ikeja, Legas.